Famfon da Ya Mutu a Hannun Baƙuwa

Ranar da Mai Inji ya miƙa wa Baƙuwa makullin famfo ina cikin gidan, na je karɓo rariyata da matarsa ta ara ta manta hanyar gidana. Don haka ba labari aka ba ni ba. Ya fito daga ɗakinsa yana murmushi, mutumin da sai a yi wata ba a ga haƙoransa ba, ya kira matar ƙaninsa marigayi ya ce ta matso kusa.

"Ai ke ma gida ce yanzu," in ji shi. "Ɗakinki daban, tukunyarki daban. Na gaya wa Tela a gaban mutane, makon nan naki ne, da sunan marigayi. Kada a ce don ƙanina ya kwanta dama an shafe ƙofarsa."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, tana ta godiya. Baƙuwa ake ce mata tun da aka kawo ta daga wani gari mai nisa, ga shi har ta haihu, har mijin ya rasu, sunan bai sake ta ba. 'Yarta ɗaya, shi ya sa ake kiran yarinyar Tilo, ba ta daɗe da fara famfara ba. Tun rasuwar mijin ba wanda ya ƙara sa Baƙuwa cikin mutane a gidan nan, sai in an tashi aike ko daka. To yau ga babban wa da kansa ya kira ta gida. Ta samo zare ta zura makullin ta rataya a wuya, Tilo na tsalle tana son taɓawa. Ni ma daɗi na ji, na tafi da rariyata ina cewa ashe mutumin nan yana da zuciya.

Sai na faɗi yadda muke riƙe famfon nan, in ba haka ba ba za a gane abin da aka rataya mata a wuya ba. Waɗanda suka haƙa mana shi sun daɗe da tafiya. Sun bar mana ruwa garau mai sanyi, da shawarar kowane gida ya riƙa ba da ɗan wani abu ana ajiyewa saboda gyara. Ajiyar ba ta yi nisa ba ta watse, wannan na zargin wancan, wancan na rantsuwa. Sai maza suka zauna a inuwa suka ƙirƙiro dokar da suke ganin ta raba gardama. Makulli zai riƙa zagayawa gida gida, mako mako, gidan da famfo ya lalace a makonsa shi zai gyara shi kaɗai. Aka naɗa Tela shugaban kwamiti saboda shagonsa na kallon famfon. Suka tashi suna yaba wa kansu.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara jin famfo na ciwo. In ya fara ƙara a makonku, sai ku kurumce. In noti ya yi sako-sako, a ɗaure da robar taya. In ana gobe za a miƙa makulli, a buɗe kan famfon a tuttula wa sarƙar baƙin mai don ta yi shiru, a miƙa wa gida na gaba ana fara'a har da tambayar lafiyar yara. Burin kowa kada ya mutu a hannunsa. Baƙin man kuwa a wurin Mai Inji ake roƙo, wanda ya tsiyaye daga injin niƙansa. Duk garin babu wanda ya kai shi sanin halin da famfon ke ciki, domin shi ya ga yadda masu roƙon mai suka koma zarya, da yadda suke sunkuyar da kai in sun zo. Makon da ya ba Baƙuwa, makon gidansa ne.

Ban taɓa ganin wanda ya riƙe famfo kamar yadda ta riƙe shi ba. Kafin mu fito ta share wurin, ta wanke daɓen da toka da soso, ta buɗe magudanar da ta toshe tun bara, ta kori awaki. Tilo ce mai tsaron layi, ta riƙe ƙugu tana gaya wa manyan mata wa ya riga wa, ana ta dariya. Amma da man ya fara bushewa sai ƙarar ta dawo. Ba irin kukan ƙarfen da muka saba ba ne, wani bugu ne daga can ƙasa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Ita da ba ta koyi kurumtar garin ba, ta tafi ta sami Mai Inji a wurin niƙa ta gaya masa. Ya ce ƙarfe ne, dama sai ya yi kuka, ta daina sa wa kanta damuwa. Ta je wa Tela, Tela ya ce shi ba ya shiga maganar mako sai mako ya ƙare. A kwanakin nan kaf, matar Mai Inji da 'ya'yanta mata ba wadda ta taɓa hannun famfon. Wai ƙugu na ciwo, wai aiki ya yi yawa. Sukan jera mata bokitansu a ƙofar ɗaki, ita take bugowa.

Da rana tsaka ya mutu, layi ya yi tsawo. Tana cikin bugawa hannun ya tafi ƙasa sakayau, ta faɗi a kan gwiwoyinta, haɓarta ta bugi ƙarfen. Muka ji wani abu ya tsinke a ciki yana tafiya, yana karo da bangon bututu, yana tafiya, har sautin ya ƙanƙance ya ɓace. Ba mu ji saukarsa ba. Ruwan da ke bakin famfon ya ɗiga ya tsaya. Na ɗaga ta ina goge mata jinin haɓa da gefen zanina, ba wadda ta ce mata sannu. Abin da na fara ji daga bayan layi shi ne wata na tambaya a hankali, wai makon wane gida ne. Duk sun sani, ga makullin na lilo a wuyanta.

Da la'asar Tela ya zo gidan da mutum biyu. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da tsakar gidansu, gajera kuma, komai a kunnena aka yi. Mai Inji ya yi ta jajantawa, ya ce abin ya taɓa shi har zuci, amma shaidu sun ji lokacin da ya ce matar nan gida ce mai zaman kanta, kuma da hannunta ta karɓi makulli, ba wanda ya tilasta mata.

"Yaya, ai na zo na gaya maka yana bugu," in ji Baƙuwa.

"Kin gaya mini, ni kuma na ce ki bi shi a hankali. Ƙarfi kika sa masa."

Tela ya ce shi dai doka ya sani, in aka ɗage wa mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa uzurin. Ya ce Allah ya rufa asiri, suka amsa da amin suka fita.

Ta sayar da akuyarta da gadon ƙarfen da ta zo da shi, aka ɗauko mai gyara daga birni. Ya kwance kan famfon, ya ga robar taya ɗauri a kan ɗauri da daskararren baƙin mai, ya girgiza kai. Ya ce rodin da ke cikin bututun ne ya tsinke ya faɗa tare da abin da ke jawo ruwan, sai an zo da na'ura an zaro bututun gaba ɗaya, kuma wannan ba ɓarnar mako ɗaya ba ce, an daɗe ƙarfe na cin ƙarfe. Tela ya ce masa gyara aka kira shi, ba shari'a ba. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, ko Baƙuwa ta sayar da ɗakinta har da ƙofa ba za ta haɗa ba. Ya mayar da murfin, ya karɓi na mota da na wahalarsa, ya kama hanya. Daga ranar a tabarma take kwana ita da Tilo, famfo kuma na nan yadda yake.

Gari ya koma tafki. Tafkin da shanu ke shiga har tsakiya, ruwansa kore-kore, in ka zuba a kwano sai ka jira ƙasa ta kwanta kafin ka ga gindin kwanon. Tafiya ce mai cin rabin yini, kuma hanyar ta ƙofar gidan Mai Inji ta bi. Matan da suka sha tuttula baƙin mai da hannunsu su ne yanzu masu rage tafiya in sun zo daidai ƙofar, a ja tsaki, a ce Allah ya isa ga wanda ya ɗora mana wannan wahala, ba a kama suna ba. Wata ma cewa ta yi dama hannun wasu ba ya taɓa abu ya yi albarka, a duba mijin. Baƙuwa ta daina bin ayari. Sai sun dawo take fita ita da Tilo, ta tarar an dama bakin tafkin ya koma taɓo. Ta tace da ƙyalle, ta jefa ɗan alif don dattin ya kwanta in ta samu, ta tafasa in akwai itace. Itacen ma ba kullum ba.

Sai ga Mai Inji ya zama mai ceton gari. Babur ɗinsa mai ƙafa uku da yake ɗaukar buhuna ya koma ɗaukar jarkoki, ya je birni ya ciko, ya dawo ya sayar wa mai hali. Har addu'a ake yi masa a hanya. Matarsa ce ta yi suɓutar baki wata rana tana ba ni labarin ɓeraye, ta ce tun da aka jibge jarkokin nan a sito suka sami mafaka. Na ce yaushe aka jibge su. Ta ce ai tun kafin, sai ta katse maganar ta shiga gyaran ɗankwali. Ban ƙarasa mata ba, mun fahimci juna. Tun kafin a kira Baƙuwa gida jarkokin suke jiran famfo ya mutu.

Siton nan a jikin ɗakin Baƙuwa yake, bango ɗaya. A nan ake kulle ruwan da kwaɗo. In an sauke jarkoki, wanda ya fallatsa yakan biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa simintin, sai Tilo ta zo ta tsuguna ta ɗora tafin hannunta a wurin don ta ji sanyi. Na taɓa ganin ta lashi hannun. Ranar ban iya cin abinci ba don takaici.

Baƙuwa ta roƙa, ba sau ɗaya ba. Ba ma kyauta ta ce ba, ta ce za ta yi musu wanki da surfe a madadin ko rabin jarka ce saboda yarinyar. Mai Inji ya ce ta fahimce shi, in aka ga ruwa na fita daga sitonsa zuwa ɗakinta za a ce ashe gida ɗaya ne, gyaran famfo ya dawo wuyansa, shi kuma yana da iyali. Matarsa ta ce ita ma a ƙarƙashin wani take, makullin sito ba ya kwana a hannunta. Tsohuwa, mahaifiyar Mai Inji da marigayi, tana zaune a tabarma da buta cike da ruwan birni a gefenta, ta ce haƙuri dai, su da suka tashi da ruwan tafki ga su har yau da ransu. Ba ta tuna waɗanda ba su kai yau ɗin ba, ita da ta yi ta haihuwa biyu kaɗai suka girma.

Ni abin da nake iya saye kaɗan ne, sai na yi cinikin sabulu da gishiri a teburina. In na samu nakan miƙa mata kofi biyu uku ta katanga. Na je na tsaya a kan Tela na ce a tara jama'a a haɗa hannu a gyara, tun da kowa ya sha, kowa kuma ya san abin da ya zuba a sarƙar nan. Ya ce magana ce mai kyau, zai kawo ta a zaman kwamiti. Ya kawo kuwa. Mai Inji ne ya fara miƙewa, ya ce in aka karya doka saboda matar ƙaninsa za a ce son kai ya yi, shi bai yarda a yi wa gidansu wannan alfarma ba, a bar doka ta hau kan kowa. Aka ce kai, mutumin nan akwai gaskiya. A haka aka tashi.

Sai ciwon ciki ya shigo gari, gudawa da amai, yara ya fi kamawa. Jaririn matar Wanzami ne ya fara rasuwa. Washegari uwar ta shigo gidan Mai Inji ba sallama, ta tsaya a ƙofar ɗakin Baƙuwa da zanen goyon a hannu. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallonta har sai da aka zo aka janye ta. Da zagin ta yi da ya fi sauƙi.

Daga ranar Baƙuwa ta canja. Ta rame, idanu suka faɗa, tana cikin magana sai ta tsaya ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Ta daina bi ta gaban famfon, sai ta zagaya ta bayan gidaje ko da kaya a kanta. Wata rana na same ta a bakin tafki, ta sunkuya da ƙwarya a hannu, ba ta ɗiba ba kuma ba ta miƙe ba. Na ce lafiya.

"Inna, ba ki ji ba? Har yanzu yana faɗuwa. Duk sanda na sunkuya sai in ji shi yana tafiya yana bugun bango. Bai kai ƙasa ba."

Na ce ta ambaci Allah, ba ita ta kashe famfon nan ba, gari ne ya taru ya kashe shi. Ta ce kanta ya san haka, hannunta ne bai sani ba, shi ya ji lokacin da nauyin ya tafi. Ta ce wani lokaci ba ƙarfe take ji yana faɗuwa ba, jaririn matar Wanzami ne. Na karɓi ƙwaryar na cika mata tulun da kaina, muka dawo gida.

Ana tsakiyar zafi Tilo ta kwanta. Da safe tana wasa da gwangwani a ƙofar ɗaki, kafin azahar ta zube ba ta iya ɗaga kai. Malamar asibitin da ke zagayowa a babur ta duba ta, ta ja fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta ba da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, ta ce a dama da ruwa mai tsabta a riƙa ba ta kaɗan kaɗan ba tsayawa. Ta ce ko bayan ta tashi kada ta ƙara shan na tafki, in ya sake kama ta ba lallai ta kai labari ba. Ta leƙa randar Baƙuwa ta rufe da sauri, ta ce wannan ba shi take nufi ba.

Na kwaso duk abin da ke gidana, bai kai yamma ba, yarinyar na sha tana mayarwa. Daidai lokacin babur ɗin Mai Inji ya shigo da kayan ranar. Baƙuwa ta fita ta durƙusa a gaban Mai Inji yana sauke jarkoki, ruwa na ɗiga a ƙasa kusa da gwiwarta.

"Yaya, 'yar ƙaninka ce."

Ya ce ya sani, ba sai an tuna masa jininsa ba. Ya ce ta je ta sami Tsohuwa, sun riga sun yi magana. Ta tashi ta tafi, na bi ta a baya.

"Tilo tamu ce," in ji Tsohuwa a natse. "Kawo ta ɗakina. In tana nan 'yar gidan nan ce, abin da muka sha shi za ta sha, ba mai cewa komai. Ke kuma ki je gida wajen iyayenki ki huta, kin ga yadda kika koma. Muddin kina ɗakin can, 'yar tukunyarki ake ganinta, bakin mutane ba zai bar mu ba."

"Iya, in kawo ta, ni in zauna ina ganinta ko daga nesa ne."

"Ba a yin abu rabi da rabi, 'yar nan."

Duk unguwa ta san babban ɗan Mai Inji ya kusa aure, kuma ya daɗe yana auna ɗakin Baƙuwa da ido. Na buɗe baki na faɗi haka, na haɗa da maganar jarkoki da ta baƙin mai, ban rage komai ba. Mai Inji ya ce in tsaya a bayan katangata, maganar gida ce. Na tambaye shi gida nawa ne, ɗaya ko biyu, tun da shi ke ƙirgawa yadda ya ga dama. Kwaɗon sito dai bai buɗe ba. Tafiya da yarinyar kuwa ba ta taso ba. Dangin uba ba za su bari ba, kuma a halin da take ko tasha ba za ta kai ba.

Baƙuwa ta shiga ɗaki ta daɗe. Sai ta fito da Tilo a hannu, kan yarinyar na reto, ta ratsa tsakar gida ta kwantar da ita a tabarmar Tsohuwa. Ko miƙewa ba ta yi ba aka buɗe sito. Matar Mai Inji ta zo da jarka cike tana sauri tana share hawaye, wai tausayi. Ruwan da aka ce babu halin bayarwa, ga shi har ana wanke wa yarinyar jiki da shi. Baƙuwa ce ta dama kofin farko da hannunta, ta ɗaga kan 'yarta tana ɗura mata da cokali. Ita ko kurɓa ba ta yi ba, leɓunanta a bushe, ba kuma wanda ya ce ta sha.

An yi mata alfarmar zama har yarinyar ta iya tashi zaune. Ranar da Tilo ta nemi abinci da bakinta, Tsohuwa ta ce alhamdu lillahi, gobe akwai mota. Kayan Baƙuwa ƙunshi ɗaya ne. Da ta zo sallama, Tilo ta riƙe mata gefen zani ta ce ina za ta. Ta ce za ta je ta dawo. Yarinyar ta ce yaushe. Baƙuwa ta kalle ni, ta kalli Tsohuwa, ba wanda ya taimake ta da amsa.

"In famfo ya kawo ruwa," in ji ta.

Ta ɓanɓare hannun yarinyar yatsa yatsa ta fita ba ta waiwaya ba. Ta biya ta shagon Tela ta ajiye masa makulli a kan keken ɗinki, bai ɗago kai ba. Na raka ta har bakin hanya. Ba ta yi kuka ba, sai karkata kan nan da take yi. Da motar ta zo ta ce in riƙa duba mata yarinyar, na ce in Allah ya yarda.

Yanzu an yi wa ɗakin fenti, an sa labule, amarya na ciki. Tela ya ce tun da gidan da alhakin gyara ke wuyansa ya tashi, sai kwamiti ya zauna ya duba wanda zai gaje shi, har yau yana dubawa. Mai Inji ya ƙara babur na biyu. Wasu mutane sun zo daga birni da farar mota suka ɗauki hoton famfon, suka tambayi abin da ya kashe shi, aka ce musu wata baƙuwa ce ta ɓalla shi, ta ma gudu. Suka gyaɗa kai suka tafi. Ƙarfe dai dole ya ci, wanda ya ƙera shi ma ya san da haka. Da kowa ya ba da ɗan abin da bai kai kuɗin sabulu ba tun ana jin bugun farko, da har yau muna shan ruwanmu. Sai muka zaɓi mu riƙa tura mutuwarsa gaba, kowa na jiran ta faɗa a hannun da ya fi nasa rauni, kuma aka sami gidan da ya duba cikinsa ya zaɓo hannun da kansa. Raina na ɓaci duk sanda na ji ana cewa ƙaddara ce.

Baƙuwa ta taɓa aiko direba da 'yar riga ya kawo wa Tilo. Na ce me ta ce. Ya ce tambaya ɗaya ta ba shi, wai ko an gyara.

Tilo ta warke, har ta yi kumatu. Sai dai kullum in rana ta take, an shige ɗakuna ana hutawa, takan sulale ta tafi famfon. Ba a kulle shi yanzu, ba abin kullewa. Hannun ba shi da nauyi tun da ba komai a ƙarshensa, ko yaro na iya ɗaga shi. Daga teburina nake jin ƙarar, ƙarfe na dukan ƙarfe a cikin shirun rana, ba ruwa. Mutane ba sa son jin ta. Tela yakan rufe tagarsa, mata masu dawowa daga tafki su sauya hanya. Tsohuwa ta yi faɗa, ta yi duka, washegari yarinyar ta koma. Wani lokaci matar Wanzami takan zo ta tsaya daga nesa tana kallonta.

Jiya na kasa daurewa, na bar teburin na je in ɗauko ta. Na tarar ta yi sharkaf da gumi, ta ɗora bokitin wasanta a ƙarƙashin bakin famfon, tana ɗagawa tana saukewa da duk ƙarfinta. Na ce ta zo mu tafi, rana ta yi yawa.

"Inna, taya ni," in ji ta tana haki. "Yau ya ɗan yi nauyi, na ji. Ya kusa."

Na ɗora hannuna a kan ƙarfen, zafi kamar zai ƙona ni. Babu komai, ko alama. Ta ɗago kai tana kallon fuskata, tana jira. Na ce mata ni ma na ji. Muka ci gaba da bugawa.